An tambaye ni hukuncin kare, na tuna da bayan jakinmu

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci a nan Danchadi, wani ɗalibina ya tare ni da waya a hannu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga wani abu ina son a duba mini." Bidiyo ne na wani Bature yana koya wa wani ƙaton kare jan 'yar amalanke. An sa wa karen ɗamara mai faɗi a ƙirji, an yi mata shafi mai laushi ta ciki, ga sanduna biyu sun biyo gefe da gefensa, yana tafe yana kaɗa wutsiya. Tambayar yaron ita ce, shin ya halatta Musulmi ya ɗaura wa kare amalanke? Kuma ba da wasa ya yi tambayar ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗaukar kaya a mota da babur ya gagari talaka. Jaki kuma ya yi tsada saboda masu saye su yanka don fatarsa, cinikin da ya kai shugabannin Tarayyar Afirka ga amincewa da hana shi a taronsu na Addis Ababa a watan Fabrairun 2024. Karnuka kuwa ga su nan birjik a gari, ba su aikin fari balle na baƙi.

Na ba shi amsa a taƙaice muka rabu. A hanyar gida na ci karo da wani yaro yana kora jaki da amalanken yashi. Igiyar leda ta ci ƙirjin jakin har ta nutse a nama, ƙuda na bin wurin, yaron kuma na ta zuba masa tsumagiya a kunne. Nan na gane cewa tambayar da aka yi mini a ƙofar masallaci ita ce ƙaramar. Babbar tana tafe a kan titi da ƙafa huɗu, ba wanda ya kawo ta gaban malamai.

Bari in fara sauke nauyin ƙaramar, domin mai tambaya yana da haƙƙin amsa.

Musulunci bai ɗauki kare a matsayin halittar banza ba. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana abin da dabbar farauta da muka horar ta kamo mana, kuma kare ne kan gaba a cikinsu. Ke nan horar da kare don aiki yana da asali a Alƙur'ani. A mazhabar Imam Malik, wadda a kanta mafi yawanmu muka tashi, kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanabila sun saɓa, suna ganin najasarsa. Sai dai an iyakance dalilan ajiye shi. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladarsa na raguwa kullum. A kan wannan Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya tafi a cikin Risala, littafin da kusan kowane zaure na ƙasar nan ake karanta shi. Malamai irin su Ibn Abdil Barr, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, sun fahimci cewa hadisin ya haɗa da duk wata buƙata ta gaskiya, ta jawo amfani ko ta tunkuɗe cuta, shi ya sa aka yarda da karen gadin gida.

To ina jan kaya ya faɗa? Akwai hadisin nan na Buhari a kan mutumin da ya hau saniya, Allah ya ba ta ikon magana ta sanar da shi cewa don noma aka halicce ta. Wasu malamai sun kafa hujja da shi cewa kowace dabba a bar ta a kan aikin da aka san ta da shi. Wasu suka ce saniyar ta ambaci babban aikinta ne kawai, tunda ana tatsarta kuma ana cin namanta, don haka ya halatta a sa dabba wani aikin matuƙar za ta iya shi ba tare da cutuwa ba. Ra'ayi na biyu shi ya fi rinjaye a wurina, kuma a kansa ne muke ɗaura wa shanun huɗa amalanke da rani. Ma'aunin dai shi ne buƙata ta gaskiya da kuma ƙarfin dabbar.

Idan aka ɗora karenmu a kan wannan ma'auni, ba ya tsallakewa. Karnukan da aka san su da jan kaya, irin na duwatsun Bern a ƙasar Siwizalan, manya ne masu faɗin ƙirji, namijinsu kan kai kilo 40 zuwa 50, kuma a ƙasar sanyi suke. A yankin Alaska karnuka ne suka yi jigilar maganin mashaƙo zuwa garin Nome a 1925, tafiyar sama da kilomita 1,000 a kan ƙanƙara, inda jaki ko raƙumi ba zai yi ko zango ɗaya ba. Can buƙata ta tabbata, halittar karen kuma ta dace da aikin. Namu karen siriri ne mai dogayen ƙafafu, don gudu aka gina shi. Kuma kare ba ya gumi kamar jaki ko doki, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Wanda ya ɗaura masa kaya a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura maki 40, kisa ya nufe shi da shi ko bai sani ba. Saboda haka abin da na gaya wa ɗalibina shi ne: asalin aikin ba haram ba ne a inda ya dace, amma a nan, da irin karnukanmu da irin ranarmu, cutarwa ce, cutar da dabba kuwa haram ce. A bar kare a kan gadi da kiwo da farauta, a ba shi abinci da ruwa, a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka.

Sai dai akwai abin da na gani a bidiyon nan da ya hana ni sukuni, wato irin kulawar da aka yi wa kayan ɗaurin. Masu wannan sana'a suna auna ƙirjin kare da tsawon bayansa kafin su ɗinka masa ɗamara, domin ƙarfin jan ya sauka a kan ƙirji da kafaɗu, kada ya taɓa maƙogwaro. Igiyoyin ja guda biyu ba a jikin amalanke ake ƙulla su kai tsaye ba, a kan wata 'yar sanda ce mai juyawa a tsakiya, yadda duk kafaɗar da ta yi gaba sandar za ta bi ta, ɗamarar ba za ta riƙa gurzar fata ba. Akwai maɗaurin da ke riƙe sandunan gefe don kada amalanke ta gangaro ta bugi karen ta baya. Ana daidaita kaya a kan tayoyi, yadda nauyin da zai sauka a bayansa kaɗan ne. Horon ma daki-daki ne: a fara sa masa ɗamarar ita kaɗai har ya saba, sannan ya ja igiya a ƙasa, sannan ɗan itace mara nauyi, sannan amalanke ba kaya, sannan a riƙa ƙara nauyi sannu a hankali. Ba kuma a ɗora masa kaya na sosai sai ƙashinsa ya ƙosa, bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Kada wani ya zaci Turawa da wannan tausayin suka taso. A ƙarni na 19 kare shi ne jakin talakan Turai, yana jan madara da burodi da kayan koli a Beljiyam da Holan da Ingila. Azabar da ake gana masa tana cikin dalilan da suka sa aka hana ɗaura masa amalanke a birnin Landan a 1839, aka faɗaɗa hanin zuwa sauran ƙasar a 1854. Sojojin Beljiyam kuwa har a yaƙin 1914 karnuka ke ja musu manyan bindigogi masu jigida. Yau abin ya koma wasa da gasa a wurin mafi yawansu, kuma ba na kiran kowa ya yi koyi da wanda ke kashe wa kare abin da zai ciyar da gida guda. Amma gaskiya kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta ya fi kowa cancanta da ita. Mutumin da ba ya karanta Risala ya auna ƙirjin karensa don wasa, mu da muke karanta ta mun kasa auna ƙirjin jakin da ke ciyar da 'ya'yanmu. Laifi tudu ne. Muna iya kwana muna muhawara a kan yawun kare, jinin jaki kuwa na zuba a ƙofar gidanmu.

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari ranar kasuwa, zai ga abin da nake faɗa. Amalanken jaki da na shanu ne ke fito da gero da dawa da wake daga gona, su kai taki, su ɗauko albasa daga fadama, su kawo ruwa da itace da bulo. Cikin jakunan nan da wuya ka ƙirga goma ba ka ga mai miki a baya ko a ƙirji ba. Kuma mikin nan ba ƙaddara ce ta sauko daga sama ba, kusan kowanne akwai abin da ya haddasa shi a cikin kayan ɗauri.

Na farko akumari. Da yawa buhun leda ne aka ninka aka jefa, sandunan amalanke su danne shi a kan ƙashin baya. Leda ba ta shan gumi, ga yashi ya shiga tsakani, sai fata ta saluɓe. Akumari na ƙwarai matashi biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, a cika su da auduga ko tsumma mai tsabta, a bar rami a tsakiya yadda ba abin da zai taɓa ƙashin. Na biyu abin ja. Siririyar igiya wuƙa ce mai yanka a hankali, idan kuma ta hau wuya sai ta shaƙe numfashi. Abin da ake buƙata ɗamara ce mai faɗin yatsu huɗu, da shafin auduga ta ciki, ta zauna a ƙirji ƙasa da maƙogwaro, sama da gaɓar kafaɗa. Na uku maɗaurin baya, wanda ke zagaye cinyoyi. Amalanken da ba shi da wannan, duk gangara sai ya turo akumari zuwa wuya ko ya daki ƙafafun jaki, shi ne asalin raunin da ake gani a gindin wutsiya. Na huɗu lodi. Idan kaya ya yi gaba, nauyin duka a bayan jaki yake. Idan ya yi baya, majayi ya ɗaga shi ta ciki har ƙafafunsa su nemi barin ƙasa. Na biyar taya. Tayar da ba iska da bakin ƙarfen da ba man shafawa suna ƙara wa dabba wahala ba tare da sun ƙara wa mai ita ko kwabo ba. Haka shanu: karkiyar da ba a goge ta ta yi santsi ba, ko aka haɗa babban sa da ƙarami a ƙarƙashinta, doronsu take ci.

Wani zai ce wannan zancen masu gyaran amalanke ne, me ya kawo shi shafin addini? Amsata tana cikin hadisi na 17 na Arba'una Hadis, wanda yaranmu ke haddacewa a Islamiyya. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sanar cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, da ya zo ba da misali kuwa sai ya yi umarni da wasa wuƙa don a hutar da abin yanka. Wato kyautatawa ba a zuciya kaɗai take ba, tana cikin kayan aiki. Idan an wajabta gyara wuƙar da za ta taɓa dabba na ɗan lokaci kaɗan, ina ga ɗamarar da za ta zauna a ƙirjinta shekara da shekaru?

Magabata haka suka fahimta. Ibn Abdil Hakam ya kawo a tarihin Halifa Umar ɗan Abdul'aziz cewa ya rubuta wa jami'insa na Masar, da ya ji ana ɗora wa raƙumi kaya ratali 1,000, ya hana a wuce 600. Ya kuma rubuta wa mai kula da hanyoyi cewa kada a sa wa dabba linzami mai nauyi, kada a tsokane ta da sanda mai ƙarfe a baki. Shugaban daula guda, mai yaƙi da sulhu a gabansa, ya sami lokacin yin doka a kan nauyin linzami. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, kuma haka hukuncin yake idan yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. A lura da nauyin wannan hukunci: alƙali na iya raba mutum da jakin da ya saya da kuɗinsa saboda lodi. Waɗannan littattafai ba baƙi ba ne a ƙasar nan. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Fiƙihun da suka karantar a wannan ƙasa tamu shi ne wannan.

Hadisan kuwa sun fi ƙarfin a kau da kai. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya shiga gonar wani mutumin Madina, raƙumi ya gan shi ya zubar da hawaye, ya shafa kansa har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya yi masa faɗa da ya ji tsoron Allah, domin raƙumin ya kai ƙarar yunwa da yawan aiki. Muslim ya ruwaito cewa ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi, ya kuma hana dukan fuska. Ya hana a mayar da bayan dabba wurin zaman hira. Wannan ya shafi mai amalanken da zai tsaya cinikin awa guda ko shan shayi, jaki na tsaye cikin rana da buhu shida a kansa, alhali sanda ɗaya da zai tokare amalanken da ita ta isa ta sauke masa nauyin. Kuma kowa ya san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da wanda aka gafarta wa saboda karen da ya shayar. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, ba ya kuka don miki, ba ya ɗingishi sai abin ya yi nisa. Haƙurinsa ya sa muka ɗauka ba ya ji. Ranar da za a bai wa kowace halitta bakin magana, wannan shirun zai ƙare.

Na san abin da mai amalanke zai ce, domin wani dattijo ya faɗa mini a gaban jama'a: "Malam, mu kanmu ba mu ƙoshi ba, ka zo kana zancen jaki." Na ce masa, "Baba, gaskiya ka faɗa, amma jakin nan shi ne jarinka." Tsohon zane da ɗinkin baduku ba su kai kuɗin aikin yini biyu ba. Mikin da ya zama gyambo kuwa yana iya zaunar da jaki mako uku, ta nan ne kuma cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe muƙamuƙi ke shiga, wadda da wuya jaki ya tashi daga ita. A farashin yau, talakan da jakinsa ya mutu ba lalle ya sake mallakar wani ba. Tausayi a nan bai yi karo da neman abinci ba, hanyarsu ɗaya.

Amma zalunci ne a tattara laifin duka a kan mai amalanke. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai ginin da ya ce sawu biyu zai biya alhali yashin na sawu uku ne, shi ya yi lodin, ko da hannunsa bai taɓa shebur ba. Ɗan kasuwar da ya matsa a ƙara buhu biyu don kada ya biya wani sawun, da maigidan da ya taya jigilar ruwa da farashin da ba za a iya cika shi ba sai an kashe dabba, duk suna da kaso. Haka uban da ya miƙa wa yaro ɗan shekara goma ragama da bulala bai koya masa komai ba. Yaron da ya saba ganin jini a jikin abin da ke ƙarƙashinsa bai damu ba, da wannan zuciyar zai girma ya riƙe mata da 'ya'ya.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Mai dabba ya duba bayanta da ƙirjinta kowace safiya kafin ya ɗaura, ya kakkaɓe akumari ya shanya shi. In ya ga miki ya wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, ya hutar da ita, in ya ƙi warkewa ya nemi malamin dabbobi. A daina zuba baƙin mai da ruwan batir a rauni, ƙuna ce a kan ƙuna. A yi aikin nauyi da sanyin safiya da la'asar, a shayar kafin a fita da bayan an dawo. Ɗan jaki kada a ɗaura shi sai ya ƙosa, a fara masa da amalanke ba kaya. Dukawanmu, a ƙasar da fatar jar akuyarta ta yi suna har Turai, ba za su gaza ɗinka ɗamara da maɗaurin baya ba idan an nema. Sarakunan kasuwa da shugabannin masu amalanke su zauna su yanke iyakar buhunan da jaki ɗaya zai ja, kamar yadda Umar ɗan Abdul'aziz ya yanke wa raƙuma. Ɗalibanmu da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, in sun zo hutu, su ba da yini ɗaya a bakin kasuwa. Mai neman sadaka mai gudana ya gina kwamin shan ruwan dabbobi kusa da rijiya ko famfo. Mu masu hawa mumbari kuma mu yarda cewa mun yi sakaci: mun yi huɗuba a kan sharuɗɗan ragon layya sau ba adadi, jakin da ya kawo masa harawa kuwa ba mu taɓa ambatonsa ba.

Ɗalibin nan ya dawo bayan mako biyu. Ya ce ya bar zancen kare, amma ya kai akumarin jakin mahaifinsa wurin baduku an raba shi biyu an cika da auduga, mikin da ya yi wata uku ya fara bushewa. Na ce masa, "Ɗana, ka fi ni fahimtar amsar da na ba ka."

Allah ya sa mu cikin masu jin ƙai, ya yafe mana haƙƙin bayinsa marasa baki da muka tauye da sani ko da jahilci. Allah shi ne mafi sani.